Mai Jan Baƙin Kawu Sahabi

Bahir Dar, ƙasar Habasha
20 ga Jimada Sani

Zuwa ga taubashiyata Yelwa, a Bungudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Isma'ila da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya Kawu da ƙarfin jiki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da cikina da har yau bai sulhunta da abincin mutanen nan ba, wata waina mai tsami mai faɗin faifai, safe ita, rana ita. Matata Muzdalifa ta ce kin aika musu da ƙuli-ƙuli da yaji har Gusau. Na gode, duk da na san don a ce kin yi ne.

Na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo ta waya kamar yadda muka saba, tunda mahaifinki ya ce maganar da ba a zauna an rubuta ba iska ce. In kin je Nahuce ranar Juma'a ki karanta wa Kawu, kuma ki karanta duka, ban da tsallake.

Aikin da jami'a ta ba ni hutu dominsa yana tafiya, alhamdu lillahi. A tsakiyar tafkin Tana akwai tsibirai, a kansu akwai gidajen ruhubanawa, wato Kiristocin da suka bar duniya suka keɓe don ibada. A hannunsu littattafan da nake nema suke, masu labarin Kiristocin farko da suka rayu tun kafin zuwan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. An rubuta su a fatar akuya, da tsohon harshen ƙasar nan da ake kira Gi'iz. Ranar da aka fara fito min da ɗaya sai da na yi dariya ni kaɗai, domin a jakar fata mai maratayi yake, sak gafakar Kawu.

Abin da na fi so Kawu ya ji shi ne yadda suke karatu. Akwai wani tsoho da suke ce wa Yeneta, ma'ana malamina. Yana zaune a kan buzu, ɗalibi ya karanto jimla ɗaya da Gi'iz, shi kuma ya fassara da harshen mutane, ya kawo maganar malaman da suka gabata. Wallahi sai na ga kamar a masallacin Nahuce nake da azumi, ina jan baƙi Kawu yana fassara. Sai dai tsohon ya makance, kuma ƙwaƙwalwa ta fara yi masa gardama. Ina bin sa da littafi a hannu, duk inda ya yi tuntuɓe ina ji, ko da na kalma ɗaya ne. Wannan kunne Kawu ne ya gyara min shi, shekara goma sha tara ina zaune a gefensa, shi ya sa ba ya barin kuskure ya wuce. Wani lokacin tausayin tsohon yakan kama ni har in sunkuyar da kai. Tsufa ba shi da kara.

In Allah ya yarda zan sauka Gusau ashirin da biyar ga Sha'aban, in kwana biyu a 'Yandoto wajen mahaifiyata, in wuce Nahuce kafin a ga wata. A ce wa Kawu mai jan baƙinsa yana nan tafe, kuma ya fara shan zuma da citta tun yanzu don murya.

Naki, wanda ba bawanki ba,
Lukuman

*

Bungudu
2 ga Rajab

Zuwa ga bawana Lukuman.

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, mun gode Allah da kana lafiya. Mu ma duk lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, ta koma yawon barka da gaisuwar mutuwa, ka ga kuwa ta warke. Batun ba bawana ba, ɗan mace bawan ɗan namiji ne tun kaka da kakanni, digirinka uku ba su goge wannan ba. Ka ci gaba da cin waina mai tsami, ko Allah zai sa ka san darajar tuwona da kake kushewa.

Na je Nahuce ranar Juma'a, hanya lafiya lau a wannan karon. Na karanta wa Baba a zaure. Ya yi dariya a wajen gafaka, ya ce ashe fata ɗaya ce ko'ina. Da na zo kan tsohon nan makaho ya ce in maimaita. Na maimaita. Daga nan har na kai ƙarshe, ko batun zuma bai sa ya murmusa ba.

Yanzu ka gyara zama, ga abin da ya sa na jinkirta amsa. Ranar Lahadi da zan dawo ya kira ni ya ce: "Ki hwaɗa ma Lukumanu kada shi wahal da kainai bana. Shi tsaya shi ƙare aikinai. Tukur na jan baƙi." Tukur ladan fa, wanda in ya ja aya kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Na ce, Baba, lafiya? Ya ce lafiya ƙalau, ya ɗauki carbinsa. Ka san shi, in ya ɗauki carbi an rufe magana.

Ba zan ɓoye maka abin da nake zato ba. Hoton nan da ka sa a waya, kana durƙushe ba takalmi a gaban wani fada, limamin Kirista, mai baƙar hula, ya zaga Nahuce kaf. Alhaji Mas'udu, na kwamitin masallaci, yana ta nuna wa mutane a bakin kasuwa, yana cewa wanda ya durƙusa ya ɗauki karatu a wajen Kirista ba shi ne zai buɗe wa Musulmi Alƙur'ani ba. Matarsa ta faɗa min a gidan suna, da muryar tausayi, wai Allah ya shirya mana kai. Na ce amin, Allah ya shirya har da masu baki. An kuma ce an ga Alhaji Mas'udu ya shiga zauren Baba ranar Asabar, ya jima.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban yi zaton Baba zai saurari irin su ba. Ka rubuto da wuri in san abin da za mu yi.

Uwargijiyarka,
Yelwa

*

Bungudu
18 ga Rajab

Lukuman,

Sallama. Muna lafiya, da fatan kai ma. Kwana goma sha shida ke nan ba amsa. Na kira, waya ba ta shiga. Muzdalifa ta ce ita ma ba ta same ka ba, amma ta ce ka gaya mata za ka shiga ruwa. Wane irin ruwa ne ake shiga mako biyu?

In fushi kake, da ni kake yi ko da Baba? Ni dai 'yar aike ce, ba a dukan ɗan aike. In kuwa shirun nan na nufin ka haƙura ka bar wa Tukur, to ka ba ni kunya. Har Tukur ya ɗinka sabuwar riga.

Yelwa

*

Bahir Dar
25 ga Rajab

Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Mako uku na yi a wani tsibiri da waya ba ta kamawa, sai jiya kwalekwale ya dawo da ni, na tarar da wasiƙunki biyu a jere. Na karanta ta farko a tsaye a bakin ruwa, na nemi wuri na zauna. A gaida Inna da maigidanki.

Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya yi min ciwo. Ko ranar da aka hana ni aiki a karon farko, aka ce me za a yi da mai karatun Kiristoci a Zamfara, ban ji irin wannan ba. Maganar Alhaji Mas'udu ba ta dame ni ba, na saba da irinta tun ina ɗalibi. Ta Kawu ce.

Ke kina ƙarama lokacin, bari in gaya miki inda abin ya faro. Shekarar da na fara ja wa Kawu baƙi, ina ɗan sha bakwai, muka zo kan ayoyin mutanen rami, muminan da aka haƙa wa rami aka hura wuta aka jefa su don sun ƙi barin imaninsu. Kawu ya ce malamai da yawa sun tafi a kan cewa mabiya Annabi Isa ne, a garin Najran. Bayan an tashi ina ɗauke da gafakarsa na ce, Kawu, su wane ne? Ba su da sunaye? Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce: "Ban sani ba, Lukumanu. Nan littahina yat tsaya. In Allah ya ba ka rai ka biɗo muna." Ban taɓa jin babban malami ya ce bai sani ba sai ranar.

Wannan maganar ce ta kai ni karatun tarihi a Sakkwato, alhali dangin mahaifina na 'Yandoto sun so in karanta shari'a in zama alƙali. Ita ta kai ni Jos wajen wani tsohon fada da ya koya min Girkanci, yana ajiye min buta a bayan ofishinsa. Ita ta kai ni Masar na koyi harshen Suryani, shekara biyun nan da ban ja baƙi ba. Kuma ranar da zan tafi, Kawu ne ya hau mota tun daga Nahuce har tashar Tsafe don ya sa min albarka. A Masar na fara ganin sunayen da idona. Shugabansu wani tsoho ne, Harisu. Akwai wata mata mai dukiya da aka ce ta bar addininta a bar mata ranta da 'ya'yanta mata, ta ƙi. Waɗanda suka tsira sun rubuta wasiƙu zuwa ƙasashe suna ba da labari, kuma wasiƙun nan su ne aikina har yau: wa ya rubuta, wa ya kwafa, me aka ƙara, me aka rage da labarin ya ƙetaro teku zuwa Habasha. Daga nan sha'awata ta faɗaɗa zuwa yadda Kiristocin farko suke azumi, da yadda suke koyar da yara, da yadda suke binne matattu. Na kawo wa Kawu sunayen a takarda shekara tara da suka wuce, ya sa a gafakarsa, ya yi min addu'ar da har yau nake cin albarkacinta.

Durƙuson da aka gani a hoto, haka aka koya min zama a gaban duk wanda ya fi ni sani, kuma a zauren Nahuce aka koya min. Ban taɓa barin salla ba. Ruhubanawan tsibirin ma sun ware min wani falalen dutse, in lokaci ya yi ɗayansu yakan kore min awaki.

Duk da haka ba zan ja da Kawu ba. Mutumin da ya ɗauke ni ina maraya ɗan shekara shida, ya ciyar da ni, ya sa min allo a hannu, in ya ce in koma bayan sahu zan koma, kuma ina godiya. Ba zan iya buɗe baki in tambaye shi dalili ba, kin san haka. Zan zo in zauna cikin jama'a in saurari Tukur. Abin da ke ci min rai kawai, bara da muka rufe tafsiri ya ce min saura kaɗan ya ajiye aikin. Ina tsoron kada ya zama na riga na yi zamana na ƙarshe a gefensa ban sani ba.

Kada ki karanta masa wannan.

Lukuman

*

Bungudu
6 ga Sha'aban

Lukuman,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ba kifi ne ya haɗiye ka ba. Muna lafiya. Yau ba tsokana, ka karanta a natse, domin ni da kai duk mun yi kuskure.

Wasiƙarka ta sa ni kuka, kukan kuma ya koma fushi. Kai ba ka iya tambayar Baba, ni kuwa tun ina yarinya aka san ni da rashin ta-ido. Jiya na ɗauki izini a makaranta na hau mashin zuwa Nahuce da hantsi, ba ranar zuwana ba. Na same shi a ƙofar zaure, inda rana take faɗowa, da littafin tafsirinsa a buɗe a cinya, yana bi da yatsa. Na tsaya a gabansa ban yi sallama ba, ina jira ya ɗago in fara faɗa. Bai ɗago ba. Sai na lura wani busasshen ganyen darbejiya ya faɗo a kan shafin ya rufe layi uku, yatsan Baba yana bi ta kansa yana wucewa, bakinsa yana motsi.

Na zagaya na shiga cikin gida, na tsare Inna a madafa. Da ƙyar ta faɗa min. Tun damina idon Baba ya fara rufewa, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har mu. Littafin da yake buɗewa don masu wucewa ne. Kuma tunda ba ya iya bita, karatun ya fara zille masa, yakan tsaya a tsakiyar magana yana lalube.

Na fito na durƙusa na yi sallama, na ce, Baba, na sani. Sai ya rufe littafin. Na ce, to saboda maganar Alhaji Mas'udu ka hana Lukuman? Ka ji yadda ya daka min tsawa. "Mas'udu? Mi Mas'udu yas sani? Ya zo nan, nac ce mai in biɗar sanin mutanen da Alƙur'ani ya ambata laihi na, ni nat tura yaron, shi hwara da ni. Bai ko sha ruwa ba yat tashi."

Na ce, to mene ne? Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Ke kinka karanta mani da bakinki. Ya ce kunnenai ba shi barin kuskure shi wuce. Ya ce in tsohon ga ya yi tuntuɓe, sunkuyad da kai shikai don tausai. Ni nag gyara kunnen ga, na san abin da shika ji. In na yi tuntuɓe gaban Tukur, ba shi ganewa, wucewa shikai. Amma Lukumanu shi ji, shi sunkuyad da kai. Wagga sunkuyawa ita ta ba ni iya ɗauka, Yelwa."

Ka ji dalili. Kai kana can kana cewa an kore ka, shi yana nan yana jin kunyarka, ni kuma ina tsakiya ina zagin Alhaji Mas'udu, ko da yake shi bai ci zagin a banza ba.

Na ce gobe Malam Isma'ila zai kai shi asibitin ido a Gusau, ko ya so ko ya ƙi. Ya ce na zama uwarsa. Sauran magana kuma taka ce. Wannan karon ka rubuta masa kai tsaye, ni zan karanta.

Yelwa

*

Bahir Dar
9 ga Sha'aban

Zuwa ga Kawuna kuma malamina, Malam Sahabi, a Nahuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, ina durƙushe. Yelwa ta gaya min abin da likita ya ce, cewa abin da ya tafi na ido ba zai dawo ba. Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara wa zuciya haske.

Kawu, na zo neman gafara. Na yi rawar kai a wasiƙata. So nake in burge ka da kunnena, kamar yaron da ya kawo allo a wanke, sai na ba da rabin labari na bar rabin da ya fi amfani. Ka ba ni izini in ƙarasa.

Wanda yake karanta wa tsohon nan ba yaro ba ne, mutum ne mai furfura, ya shekara ashirin a gabansa. Da farko na ɗauka bai iya ba, domin yakan karanta jimla ya sake karanta ta, wani lokacin har sau uku. Sai a zaman mako ukun nan da na yi a tsibiri na gane. In tsohon ya tsaya lalube, shi sai ya maimaita jimlar a hankali kamar don daɗinta, ya ɗan danna kalmar da bayanin yake rataye da ita. Kafin ya kai ƙarshe tsohon ya kamo zaren. Ɗalibai talatin suna zaune, ba wanda ya san an yi wani abu. Na tambaye shi, ya ce min mai karatu da ba ya jin tuntuɓen malaminsa ba shi da amfani ranar da malamin ya tsufa.

Kuma ba a Habasha na fara ganin wannan ba. A shekarata ta farko, sau nawa na kakare a tsakiyar aya, gumi yana karyo min? Sai ka yi gyaran murya, ka ɗauko ayar da bakinka kamar za ka fara fassara, in ji in kama. Mutanen Nahuce har yau suna cewa tun ina yaro ban taɓa kuskure ba. Ni da kai muka san gaskiya.

Tukur mutumin kirki ne, amma in ka tsaya zai wuce ya bar ka a fili, ba da mugunta ba. Ni na san numfashinka. Na san shirun da kake yi don jama'a su natsu, na san wanda ba shi ba. Kowace safiya zan karanta maka darasin ranar a zaure, mu biyu, ƙofa a rufe. Da la'asar in zauna a inda na saba. Na yi alkawari kaina ba zai sunkuya ba.

Duk abin da na zama, daga zaurenka ya fito. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na girma. Yau ina roƙo.

Ɗanka,
Lukuman

*

Nahuce
12 ga Sha'aban

Bawana,

Sallama, muna lafiya. Na karanta masa, bai sa na maimaita ko'ina ba. Ya juya fuska wajen bango. Ga amsarsa, ban ƙara ban rage ba: "Shi taho. Kuma shi bar shan citta da yawa, tana shaƙe murya."

Ya aika an kira Tukur, ya ba shi haƙuri, ya ce shi zai riƙa rufewa da addu'a. Rigar dai ba ta tashi a banza ba.

Yelwa

*

Bungudu
10 ga Shawwal

Zuwa ga Lukuman, a Habasha.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da salla. Muzdalifa ta ce ka isa lafiya, alhamdu lillahi. Mu ma lafiya, sai gajiyar salla. Ka gudu washegarin idi ko sallama ta kirki ba mu yi ba, kuma ka tafi da robar dambun da na ce a raba da yara. Allah ya isa ba zan ce ba, amma na rubuta a zuciya.

Ina so in gode maka, kuma ka adana wannan takarda, domin ba za ka sake jin haka daga bakina ba. Kwana ashirin da tara ina zaune a rumfar mata, kunnena a lasifika. Ranar farko da na ji Baba ya yi shiru a inda ba a shiru, na damƙe hannun Inna. Sai na ji ka dawo da ayar, a hankali, kamar ba komai. Sai ga muryar Baba ta fito garau. Inna ta saki ajiyar zuciya har matar da ke gabanmu ta waiwayo. Daga ranar na fara ƙirga irin wannan shirun, na daina a arba'in da wani abu.

Ba wanda ya gane. Matan Nahuce cewa suke karatunka ya ƙara zaƙi, wai maimaitawar nan sabon salo ne ka koyo a waje. Alhaji Mas'udu bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya, a sahun gaba, fuska a murtuke. An ce ya gaya wa mutane ya zo sa ido ne. Allah ya ba shi ladan sa idon.

Jiya na je Nahuce. Baba ya daina buɗe littafi a ƙofar zaure, ya kuma yarda jama'a su san halin idonsa, yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Yana cikin walwala, har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Na ce zan rubuto maka, ko yana da saƙo? Ya ce a gaishe ka, a gaida tsohon nan na tsibiri da mai karanta masa, a ce wani makaho a Zamfara yana gode musu.

Har na miƙe ya ce in dawo, akwai gyara. Ya ce a ranar rufewa, a aya ta ƙarshe, ya yi shiru ka maimaita, ya sake yin shiru ka sake maimaitawa. Na ce na tuna, a nan ne na fi tsorata, na ce shi ke nan asiri ya tonu a ranar ƙarshe.

Ya ce: "Ki hwaɗa mai nan kunnenai ya yi kuskure. Ban mance komi ba. Da gangan niy yi shiru, so nikai in ƙara jin ta ga bakinai. Ban san ko ina kai baɗi ba."

Taka,
Yelwa